Takarar da Na Tsayar da Ɗanlami

Daren Laraba, Fagge.

Barci ya ƙi zuwa. Jiya muka ji a rediyo wai a ƙasar waje ana zaɓen mazan da suka koma mata su shiga majalisa, su tare dokokin da ke takura wa matasa irinsu. Ni da tsokana, sai na rubuta da gawayi a rumfar Ɗanlami, ɗan daudun da ke sayar da waina a Sabon Gari: "Ku zaɓi Hajiya!" Wallahi wasa nake.

Yau wasu samari da suka ga rubutun sun zo suna tambayar gidan su Ɗanlami. Na ruga in goge, na tarar ya riga ni. Ko zagina bai yi ba. Cewa ya yi, "Ka sha dariyarka, Bala. Ni ina zan kwana?"

Har yanzu wayarsa a kashe take.