Telolin da Ba Sa Kasuwa

Litinin, 3 ga Fabrairu
Na gama binciken ciwon ido! Telolin layin bakin kasuwa duk na zauna da su, kusan babu mai kuka da idonsa. Gobe zan kai wa Malama, mai duba aikina. In ta sa hannu, bana zan kammala digiri. Umma har ta fara yi wa ƙawayenta albishir.

Talata, 4 ga Fabrairu
Malama ta karanta tsaf, ta cire tabarau ta ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari. Amma wanda ido ya hana ɗinki, a shago za ki same shi?" Ashe masu lafiya na bi ina tambaya ko suna da lafiya!

Laraba, 5 ga Fabrairu
Haushi nake ji. Nata ko nawa, oho.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Da ciwon gwiwarta ta biyo ni kasuwa. Ta rubuta sunayen layuka a 'yan takardu, ta zuba a hular wani tela, ta ce ya zaro. Ina ta addu'a kada layin baya ya fito, ga duhu ga kwata. Shi ya fara fitowa. Ta dube ni ta yi dariya: "Ƙafarki son inuwa take yi, shi ya sa ba ke za ki zaɓa ba." Duk telan da muka samu sai ta tambaye shi wa ya sani da ya bar sana'ar, kuma ina gidansa. Matar nan, kai! Ban taɓa ganin mai tsoron faɗin abin da bai tabbatar ba kamarta.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Gidan wani dattijo. Keken ɗinkinsa a rufe da zane, rediyo a kai. Ya ce kafar allura ce ta fara ɓace masa, sannan baƙin zare. Ban iya rubutu ba sai da na fito.

Litinin, 3 ga Maris
Malama ta ce ina iya miƙa aikin farko in fita bana, muddin na rubuta ƙarara cewa na masu shagon layi ɗaya ne kawai. Zaɓi nawa ne. Sai na ji bakina yana roƙon a ƙara min zango.
Umma ta yi fushi. Na ce mata tsarin makaranta ne.
Ba wani abu ba ne, dattijon ne ya ce akwai abokinsa a bayan tasha da shi ma ido ya hana ɗinki, kuma ya riga ya faɗa masa ina zuwa.