Ƙugiyar Cikin Jini

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ina mai ɗakina da yara? Ni lafiya lau, sai 'yar gajiya.

Kin tambayi abin da nake yi shekara shida a ɗakin gwaji. A jinin mutum akwai wani furotin da ya ɓoye 'yar ƙugiya a cikinsa. Idan ƙwayar cuta ta shigo sai ya buɗe, ƙugiyar ta fito. Kafin ƙiftawar ido dole ta kama jikin ƙwayar, in ba haka ba ruwa ya cinye ta, shi ke nan. Aikina in tace shi daga jini, in riƙe shi cikin sanyi kada ya lalace.

Ranar Juma'a na tsaya bakin taga ina kallon wata mata tana shanya a saman bene. Hankalina ya tafi tsakar gidanmu, har ina jin guga tana dukan bakin rijiya. Haka na fita na bar kwalbar furotin ɗin kan tebur sai Litinin. Aikin wata guda ya bi ruwa.

Oga ya wanke ni tas gaban kowa. Bai taɓa sa sunana a rubuce-rubucensa ba, amma wannan karon gaskiyarsa ce. Duk da haka ya miƙo mini takardar ƙarin shekara uku, yana jiran sa hannu ƙarshen wata.

Ki tambayi mai ɗakina, ba gaban Inna ba, ko za ta iya ƙara jira. In ta yi shiru, kada ki gyara mini zancen. Ki rubuto cewa shiru ta yi, zan fara haɗa kaya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki