Tukunyar Cha'ibu

Litinin, 7 Oktoba 2024

Yau wata biyu da rufe ramin. Mutanen furoje, ƙungiyar da ta gina mana shi, suna ce masa dijesta, unguwa kuwa tukunyar Cha'ibu. Motar kwasar masai ta juye dagwalonta a ciki, mun ƙara kashin shanu. Wai zai ruɓe ya ba da gas, gas ya bi tiyo har risho.

Cha'ibu ya rantse: in wuta ta kama ta tsaya kafin a gama ɗaure damman gero, bana ba ya zuwa cin rani. Zai kafa teburin shayi a ƙofar gida, tunda muna bakin hanyar tasha. Shekara tara da aurenmu, ban taɓa yin lokacin sanyi da mijina a gida ba. Ko sau ɗaya.

Juma'a, 11 Oktoba

Wuta ta kama kamar idon mage, ta mutu. Ko ruwan alwala ba ta ɗumama ba.

Asabar, 19 Oktoba

Na karɓi aikin daga hannunsa. Shi sai ya juya ƙarfen tuƙa ramin sau uku ya tafi gona, wai haka aka ce. Haba! Wa ya taɓa ganin tuwo ya yi kyau da tuƙin ganin dama? Da na leƙa bakin zubawa, duk gudaji ne da kara da ƙaiƙayi.

Na ware tsohon turmi. Busasshen kashin shanu da dusa ina daka su, in tankaɗe, sai sun zama gari kafin in dama in zuba. Ƙarfen kuma safe, hantsi, azahar, la'asar, ina tuƙi har kafaɗata ta yi tsami. Maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya: "Anisa, a ɗebo mana malmala biyu!" Ku yi ta yi.

Laraba, 23 Oktoba

Babu. Wari ma ya sake, wani irin tsami mai hawa kai.

Sallau, abokin tafiyarsa, ya zo sau biyu yau. Na ji yana cewa mai gidan da suke wa gadi a Fatakwal ba ya jiran kowa. Ban kai masa ruwa ba. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 31 Oktoba

Madam Jamilatu ta furoje ta zo daga Damagaram. Ta tsoma wata 'yar takarda a ruwan ramin, takarda ta sauya launi, ta dafe kai. Da ta ga turmi da rariya ta ce, "Wa ya sa ki?"

Na ce ba wanda ya sa ni, ni dai na san girki.

Abin da na riƙe daga bayaninta: ƙananan halittu ne a ciki, iri biyu. Na farko suna cin dagwalo su fitar da tsami, na biyu su sha tsamin su ba da gas, kuma sai suna manne da juna. Farfasa gudaji yana da kyau, amma garin da na yi ya sa na farkon sun ci da sauri har tsami ya fi ƙarfin na biyun. Tuƙina kuma ya watsa su. "'Yar'uwa, wannan ba tuwo ba ne, kindirmo ne. Kin taɓa ganin an dami nono yana kwance?"

Ta ce a daina zubawa, a juya sau goma a hankali, sau ɗaya a yini. Mako huɗu, ko shida.

Shida! Gero saura kwana goma.

Talata, 5 Nuwamba

Da hannuna. Wayyo ni, da hannuna na kore shi.

Lahadi, 10 Nuwamba

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ba komai, Anisa, baɗi ma shekara ce." Haka ya faɗa bara a kan kiwon kaji. Na soya masa gyaɗa da itace, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye. Motar Kano ta tashi da shi bayan azahar.

Litinin, 18 Nuwamba

Ba na son ganin ramin. Ina juya goman ne kawai don Madam za ta tambaya.

Juma'a, 6 Disamba

Ba abin rubutawa. Ya kira, yana lafiya.

Laraba, 18 Disamba

Ina shara na buɗe robine, makunnin gas ɗin, haka kawai, na ƙyasta ashana. Ta kama. Shuɗiya, tsaye, tana huci. Na zauna ina jiran ta mutu, ta ƙi. Na ɗora butar da ya saya don teburinsa, ta tafasa.

Wani direba ya ga tururi ta zaure ya ce, "Hajiya, akwai shayi?" Na buɗe baki in ce maigida ba ya nan. Sai na ji na ce akwai.

Da yamma Cha'ibu ya kira, ya tambayi yara, ya tambayi akuya. Bai tambayi tukunya ba, ni ma ban faɗa ba. Zan faɗa masa. Ba yau ba dai.

Kofuna shidan da ke gare mu ba za su isa ba gobe.