Ashe rijiyar gidanmu ce

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Rabi da yara? Mu nan Fammar alhamdulillahi, Inna ta samu sauƙi.

Yaya, har yanzu jikina a sanyaye yake. Da amai da gudawa suka ɓarke a unguwarmu, kowa nonon Dije Bafulatana ya ɗora wa laifi, har aka daina saye. To, ma'aikatan lafiya sun bi gida-gida suna tambayar abin da muke ci da inda muke ɗiban ruwa, har waɗanda ba su kwanta ba. Na ce wa wata malama a cikinsu, "Masu lafiya kuma me za su gaya miki?" Ta ce, "Sai mun kwatanta su da marasa lafiyar za mu gane bambancin."

Jiya suka dawo. Ashe duka ɓangarorin sun sha nonon Dije. Amma kusan duk wanda ya kwanta, daga rijiyar da Baba ya haƙa sadaka yake sha. Sabon masai da muka haƙa bara ne ya yi kusa da ita. Jaririn maƙwabcinmu Malam Isa da ya rasu, ruwanmu ya sha.

An rufe rijiyar. Gobe ni da Inna za mu je ruga neman gafarar Dije. Malam Isa kuwa, ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza