Lallen Ya Goge, Baban Hafsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga maigidana, Baban Hafsa, bayan gaisuwa da fatan Allah Ya kai haske makwancinka. Yau kwana uku ke nan da na fita takaba. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar da aka fita da kai, yau kuwa sai na faɗe ta ko da mutane za su ce ban da ta ido.

Ina fushi da kai. Wallahi ina fushi.

Kai ne sarkin tsari. Duk layinku a Kantin Kwari, wanda ya manta lambar sirrinsa wurinka yake zuwa ka yi masa faɗa. Kai kuwa ka sa wata manhaja a wayarka da kake kira akwatin makullai, ka zuba duk kalmomin sirrinka a ciki, ka saita ta yadda ba ta buɗewa sai da babban yatsanka. Na ce ka rubuta mini babbar kalmar da ke buɗe akwatin, in ɓoye a ƙasan adakata. Ka yi dariya ka ce rubuta sirri a takarda aikin 'yan da ne, yatsa kuwa ba ya ɓata. To, yau ina yatsan?

Ban manta ba, sau ɗaya ka so ka ƙara nawa yatsan. Ranar na dawo daga ƙunshin bikin ƙanwata, hannuna baƙi wuluk da lalle. Ka kama yatsana ka dinga dannawa, wayar tana ƙi, kana tsokanata wai ko na'ura ta san na cika kwalliya. Daga baya ka ajiye ta ka ce a bari lallen ya goge tukuna. Kwana tara tsakani ka faɗi a shago bayan la'asar. Kafin magariba an kai ka.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da aka gama yi maka sutura aka kira ni in yi maka addu'a, wayarka tana hannuna a cikin hijabi. Na san abin da ya kamata in yi. Amma ga Baffanka a tsaye, ga yayyenka, hannunka kuma an riga an rufe shi da likkafani. Da wane bakin zan ce a kwance mini hannun mamaci in danna waya? Da har jikokin Hafsa sai an yi musu gori da ni a unguwarmu ta Kwaciri. Kunya ta riƙe ni, na bar wayar a cikin hijabi har aka ɗauke ka.

Ba dukiyarka nake nema ba, wannan magada sun san hanyarsu. Muryarka nake nema. Kai da kanka ka kwashe hotuna da duk abin da ka ɗauka ka mayar ma'ajiyar intanet, wai waya ta cika, ka kulle ƙofar da kalmar da ke cikin akwatin. Ranar sunan Hafsa tana can. Biya mata Fatiha da kake yi tana cewa "alamina" kana shan dariya, yana can.

Wayar tana buɗewa, na san lambarta. Akwatin ne ya ƙi. Jiya na kai ta Sabon Gari wurin masu gyara. Mutum uku suka juya ta, na ƙarshen ya miƙo mini ya ce ko waɗanda suka ƙera manhajar ba su da mabuɗinta. Na gwada sunana, na gwada na Hajiyarka, na gwada sunan atamfar da ka fi sayarwa. Haba, Baban Hafsa! Shekara bakwai muna tare, a ce ban san kalma ɗaya da ka fi amincewa da ita ba?

Hafsa shekararta huɗu. Shekaranjiya ƙaninka ya yi sallama a zaure, ta ruga da gudu, sai ta dawo ta tambaye ni ko haka muryarka take. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji ni ma ban tabbata ba.

Na san ba da gangan ka yi ba. Ka ɗauka akwai gobe, ni ma haka na ɗauka. Wata huɗu da kwana goma ban sa lalle ba. Hannuna fari tas, ko a farce babu sauran ja. Ka ce a bari ya goge. Ya goge, Baban Hafsa. Kullum bayan asuba ina ɗora yatsan a inda kake ɗora naka, wayar tana ce mini ba ta gane ni ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yafe mini wannan fushin. Allah Ya sa Hafsa ta ji muryarka a Aljanna ta gane ta ba tare da ta tambayi kowa ba.

Matarka,
Maman Hafsa