Tsohuwar Akuyar Inna

Ƙanena Rashidu,

Gaisuwa daga Abijan. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan tari daga ƙurar masaƙa.

Na ji awakin Inna sun watse a dajin Affala tun da aka sayar da tsohuwar akuyar. Ni na ce ka sayar da ita, na sani. A nan, in ƙarfe ya tsufa a inji, cire shi muke mu sa sabo. Na ɗauka garke ma haka yake. Ashe akuyar nan, ba wanda ya naɗa ta shugaba, amma ita suke bi zuwa gida.

Kai kuma, sarkin gardama, ranar nan ce ka ga damar yi mini biyayya?

Ka je kasuwar Tawa ka nemo ta. In an yanka ta, kada ka gaya wa Inna. Ni zan kira Inna da kaina.

Yayarka,
Zalika