Zangon Baffa Jibirin a Jidda

Zuwa ga yayana mai daraja, Malam Yakubu Salih, mazaunin birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabin da ya wajaba a kan ƙane, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, Ya kuma ƙara maka buɗi, amin. Mu nan ƙauye muna lafiya. Mutanen da yaƙi ya tarwatsa suna ta komowa, an yashe bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, ruwa ya fara isa hawasharmu, gonarmu ta ban ruwa. Dawa ta yi kyau, gyaɗa ce ta ɗan ja baya. Ina kuma sanar da kai cewa rubutun nan da kake gani hannuna ne, ba wanda ya yi mini. Malam Mustafa, wanda ya baro Khartum ya zauna a wurinmu, ya buɗe wa manya aji a rumfar masallaci, ni ne kuwa na fara kammalawa cikin duk waɗanda suka shiga. Don haka na ga bai dace magana mai nauyi irin wannan ta tafi ta saƙon murya ba, inda rabin zance ke yankewa a hanya. Na zauna na tsara ta yadda ya kamata.

Maganar ita ce tikitin da ka yanka wa Baffa Jibirin da 'yarsa Mero, domin ya zo Kano a cire masa yanar ido. Da ya shigo wayar Mero, sai ta karanta wa Baffa a tsakar gida cewa za su tashi daga Bur Sudan zuwa Jidda, daga Jidda kuma zuwa Kano. Baffa bai tsaya jin ƙarshen ba, Jidda kawai ya riƙe. Ka san kakanmu ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogin nan don ya yi aikin auduga ya tara guzuri, a nan kuma ya rasu bai ƙarasa ba. Baffa ya tashi yana jin ana cewa mu matafiya ne, ba mazauna ba. Kafin la'asar labari ya cika ƙauye cewa Yakubu zai kai Baffa Umara. Aka yanka rago aka yi sadaka, tsofaffin mata suka riƙa zuwa kowace da addu'ar da take so a yi mata a Ɗakin Allah, liman ya zauna yana maimaita masa talbiya. Ni ma na ci naman, amma hankalina bai kwanta ba, domin ban ga wata takardar izinin shiga ƙasar Saudiyya ba.

Saboda haka na shiga mota na tafi Madani, ofishin wani mai sayar da tikitin jirgi, sunansa Tariq. Da ya ga ina rubuta abin da yake faɗi, sai ya gyara zama ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa mai ilimi. Ya ce manyan kamfanonin jiragen sama, har da waɗanda suka haɗa kai ƙarƙashin inuwa ɗaya, ba sa shimfiɗa hanya daga kowane gari zuwa kowane gari. Kowanne yana da babban filin jirgi da ya zaɓa ya zama cibiyarsa. Jiragensa suna kwaso mutane daga garuruwa daban-daban su sauke su a cibiyar kusan lokaci guda, sannan a ware su, masu zuwa wuri ɗaya su cika jirgi ɗaya. Ya ce masu son tafiya daga Bur Sudan zuwa Kano kaɗai ba su da yawan da kamfani zai ware musu jirgi kullum, amma idan aka haɗa su da na wasu ƙasashe a Jidda, sai jirgin ya cika. Shi ya sa mai zuwa yamma yakan fara da tafiya gabas.

Na gane wannan nan take, domin aikinmu ne. Ba a haƙa wa kowace hawasha rami nata daga madatsar Sinnar. Ruwa yana bin babbar tur'a ne har zuwa ƙofar da ake rabawa, daga can kowane reshe ya karɓi rabonsa. Da na faɗa wa Tariq haka, ya ce bai taɓa jin misalin da ya fi wannan dacewa ba. Sai dai abin da ya biyo baya ba daɗi. Ya ce mai irin tikitin Baffa ba ya fita daga filin jirgi. Akwai zauren da ake ajiye masu canjin jirgi, a nan zai zauna har a kira na Kano, kayansa ma ba zai gan su ba. Wato zai sauka a Jidda, amma a hukumance bai shiga ƙasar ba.

Da na komo, na sami Baffa da hantsi a gindin darbejiya, na jera masa bayanin daga farko, har da misalin tur'a. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama, ya ce ya shekara da shekaru yana ban ruwa, bai taɓa ganin ruwan da ya bi ta ƙofar rabo ya wuce bai jiƙa gefenta ba. Ya tambaye ni ko waɗanda suka tsara hanyar sun san abin da ke bayan Jidda. Na ce sun sani, amma su lissafin kujeru suke yi. Sai ya ce to ya fasa tafiyar. Ya ce ubansa ya tsaya da nisa, mutane suka yi masa uzuri, shi kuwa ba zai je har ƙofa ya juya baya ba, gara idon ya ƙarasa rufewa. Na gaya masa akwai kamfanonin da cibiyarsu take Alƙahira ko Addis Ababa, ana iya canja masa. Ya ce me zai gaya wa matan da suka ba shi saƙon addu'a. Mero ta yi ta kuka, domin ka san likita ya ce idon ba zai jira daɗewa ba, yanzu ko buta sai an miƙa masa.

Na yi ta nazarin bayanin Tariq, sai na lura da abin da ba wanda ya lura da shi a gidan: wanda ya bi ta cibiya a tafiya, ta nan zai biyo a komowa. Na buga wa Tariq waya, ya tabbatar mini. Ya ƙara da cewa akan nemi izinin tsayawa na ɗan lokaci ga mai wucewa, har ya samu ya fita ya yi Umara, amma bai yi alkawarin za a samu ba, kuma wanda ya yanki tikitin shi ne ya kamata ya nema tun kafin ranar komowa. Na kai wa Baffa wannan shawara. Ya ce ya yarda. Ya ce a tafiya dai makaho ne, a zaunar da shi a zauren, ba zai ga abin da aka hana shi ba. Amma a komowa idonsa a buɗe yake. Idan aka sake zaunar da shi a wannan zaure yana kallon masu farin harami suna fita, ya ce in rubuta maka cewa gara da ba ka buɗe masa idon ba.

Don haka, Yaya, ina roƙonka ka je wurin wanda ya sayar maka da tikitin ka fara neman izinin nan, ka kuma aiko mini da amsa tabbatacciya, ba ta kwantar da hankali ba. Ba zan ɗora shi a motar Gadarif, wadda ita ce hanyar Bur Sudan, ba sai na ji daga gare ka, domin ni na yi masa alkawarin haka.

Ka gaishe mini da uwargida Habiba, da Khalid, da Intisar, Allah Ya yi musu albarka. Sakina da yara suna gaishe ku, Mero ma tana gaisuwa, haka liman da Malam Mustafa. Baffa kuwa na tambaye shi gaisuwarsa, ya ce ya riƙe ta tukuna, sai amsarka ta zo.

Wassalam. Ni ne ƙanenka mai biyayya, wanda ya rubuta da hannunsa,

Sulaiman Salih